Kyanwar da Ba Ta San Gabas Ba

Duk shekara sai an turo mini samari, wasu masu bautar ƙasa, wasu kuma 'yan gari da suka gama karatu suna jiran aiki, wai su taya ni koya wa yara rubuta manhaja. Dukansu kuwa, kamar sun haɗa baki a mota, tambaya ɗaya suke fara yi tun kafin su sami wurin zama: "Malam, wane yare ya fi kyau a fara da shi?" Suna yin ta ne da murmushin wanda ya riga ya san amsa. A ganinsu aikin bai wuce ka kunna kwamfuta, ka zaunar da yaro, ka koma gefe kana latsa waya ba. To ku gyara zama, ku na bana da waɗanda za su zo baɗi, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Ni ban shigo sana'ar nan ta ƙofar jami'a ba. A shagon buga takardu na tashi, nan kusa da tasha, a hannun wani mutumin Gbagyi da muke kira Oga Iliya. Siriri ne, ba ya dariya sai sau ɗaya a shekara, ita ma sai ya rufe shago. Ni kuwa tun lokacin ina da wannan tumbin, sai dai bai kai matsayin riga ni shiga ɗaki ya yi sallama ba. Na daɗe ina zaro takardar da ta maƙale a inji kafin in yi ƙarfin halin cewa ya koya mini yadda ake sa kwamfuta ta yi abin da mutum yake so. Bai kunna komai ba. Ya ɗauko kwano da garin kwaki da ruwa a jarka, ya zauna ya sandare.

"Ni ne kwamfutar," in ji shi. "Sa ni in jiƙa gari."

"Zuba gari," na ce. Ya zuba a ƙasa.

"Haba Oga, a kwano mana."

"Ba ka ce ba."

Na ce ya zuba ruwa a kwano. Ya kama zubawa, kwano ya cika, ya tumbatsa, ruwa ya bi siminti ya shige mini takalmi, shi ko ƙiftawa ba ya yi.

"Oga, ya isa."

"Da ka ce tsaya, da na tsaya."

Ranar mun ɓarnatar da garin da zai ciyar da tashar nan da direbobinta har mako. Amma na tashi da abin da nake ci da shi har yau. Kwamfuta ba ta da wayo ko na sisin kwabo. Biyayya ce da ita, irin mai ban tsoro.

Bari in nuna muku kayan aikin, don in kun ji yara suna magana kada ku zaci gidan namun daji kuka shigo. Dajin Birnin Gwari kaf bai kai teburina yawan dabbobi ba. Akwai ɓera, wato ɗan abin nan da ake ja da hannu a nuna wuri a allo. Akwai kyanwa, wato wata manhaja da ba a rubuta komai a cikinta: umarni ne a jere kamar tubali masu launi, ka jawo wannan ka ɗora a kan wancan, sai wata kyanwa mai ruwan lemo ta bi abin da ka gina. Sai kuma babbar yaya, yaren da masu shi suka sa wa suna Python, wato mesa. Ita mesa rubuta mata ake yi da Turanci, harafi bayan harafi, kuma ba ta yafiya. Ka manta ɗigo biyu, ta feso maka jan rubutu. Na taɓa samun yarinyar da ta so ta ƙirga yaran gidansu, ta sa wa ma'ajin lissafinta suna 'ya'ya. Mesa ta ga waɗannan 'yan alamomin na sama, ta ɗauka an buɗe zance ba a rufe ba, ta birkice. Mun yi wuni muna neman laifin, ashe Hausar ce ta shaƙe ta. Abin mamaki, ƙ da ɗ da ɓ duk ta haɗiye su lafiya.

Sauran kayan ba su da daɗin faɗa: laftof na gwanjo da suka ga duniya, wata ba ta da harafin da ake fara sunana da shi, faranti guda na sola, da batirin da ke da ra'ayin kansa.

Iyaye kuwa, su ne ainihin abokan cinikin, ba yaran ba. Wani so yake ɗansa ya iya buga takarda da sauri. Wata ta kawo mini ɗanta da waya a ƙulle cikin gefen zane, ta ce in koya masa buɗe ta kafin la'asar, don mijinta ya canza lamba. Wani ya tambaye ni a asirce ko a nan ne ake koyon abin nan da samari ke yi su sayi mota ba su da sana'a. Na ce masa ya dubi takalmina ya ba kansa amsa.

A shekarun farko ni ɗan mesa ne na gaske. Ina ganin duk wanda ya fara da kyanwa wasa yake yi. 'Ya'yan ma'aikata nake koyarwa, suna da ɗan Turancinsu, muna amfani da wani shafi na intanet da ke duba musu aiki ya ba su tauraro. Sai ga muguwar shekarar nan. Kun san ta, ba sai na ja ba. Hanya ta lalace da 'yan bindiga, gonakin da ke bakin daji suka gagari masu su, mutanen Kuyello da Tabanni da Kutemeshi suka yi ta shigowa gari da tabarmi a ka. Daga baya aka ɗauke sabis ɗin waya gaba ɗaya. Shafina mai ba da tauraro ya mutu a tsaye. Ma'aikata suka kwashe 'ya'yansu zuwa Kaduna. Na waiwaya, sai na ga ƙofar shagona cike da wasu yaran dabam, 'yan ƙauye, ba makaranta, ba gona, sun zo kallon ɓera.

Abin da ya rage mini mai aiki ba tare da sabis ba shi ne kyanwar nan da na raina, tana kwance a wani tsohon filas na kwamfuta da nake sa wa waƙoƙin biki. Shagon kuma ba zai ɗauki yaran ba. Nan ne Baba Tanimu ya shigo labarin. Babban manomi ne daga Kuyello, yana da gida a gari da sito a jikinsa, inda a da buhunan masara ke kaiwa rufi. A shekarar babu ko buhu ɗaya. Jikarsa Hansatu tana cikin masu leƙen ɓera, ita ta ja ni wurinsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya daɗe a tsakiya, ya ce in shiga siton kafin ya ga abin da hali zai yi.

Darasin farko na Oga Iliya na yi musu. Na tsaya a gabansu na ce ni ne inji, su kai ni bakin ƙofa. Suka dubi juna. Na ce, "Ku ce in juya dama, ko hagu."

Hansatu ta ɗaga hannu. "Damar wa, Malam? Tamu ko taka? Ai kana kallonmu."

Kafin in gama tunani, wani yaro mai suna Bulus, daga wajen Tabanni, ya ce, "Malam, yi yamma kawai." Duk ajin suka ce e, yamma. Na tsaya kamar an dasa ni, don ni da aka haifa a garin nan sai na nemi masallaci da ido kafin in san yamma.

Abin ya ɗaure mini kai, na shiga sa musu ido. A kan benci ɗaya za ka ji, "Matsa gabas kaɗan." Wani ya ce wa ɗan'uwansa ƙuda yana kan kafaɗarsa ta kudu. Na rufe wa Bulus ido da hula, na juya shi har ni na fara ganin jiri, na ce ina gabas. Ya miƙa hannu bai ko yi shakka ba. Na rantse da za ka sa yaran nan a buhu, ka ɗaure, ka kai su Legas a bayan tirela, kana kwancewa za su nuna maka gabas su tambaye ka ruwa. Na yi ta tambayar kaina yadda suke yi. Har yau ban samu cikakkiyar amsa ba. Su ma in ka tambaye su sai su dube ka kamar ka ce su bayyana yadda suke gane mahaifiyarsu.

To kyanwa tana da wata baiwa, tana barin mutum ya ƙera nasa tubalin ya sa masa sunan da ya ga dama. Na zauna na ƙera huɗu: gabas, yamma, kudu, arewa. Na bi tsarin taswira, gabas hannun dama na allo, arewa sama. Washegari ajin ya kama da wuta. Yaran da ba su san kalmar Turanci ko ɗaya ba suka sa kyanwa tana zagaya gida, tana zuwa rijiya tana dawowa. Da na zo koya musu maimaici, wato a sa inji ya yi abu ɗaya sau da yawa, ban gama bayani ba Hansatu ta ce, "Ai huɗa ce. Ka je ƙarshen gona, ka matsa, ka dawo, ka sake." Daga ranar ba wanda ya ƙara cewa maimaici a ajina. Huɗa muke cewa.

Abin da ban lura da shi ba, teburin yana jingine da bangon arewa. Duk wanda ya zauna yana kallon arewa, damansa gabas ce ta gaskiya. Taswirata da duniyar Allah sun dace ne bisa katari.

Bakina ne ya jawo mini. Na ce wa yara duk wanda ya ƙware da kyanwa zan kai shi wurin mesa. Maganar ta je gidaje, ta yi ƙiba a hanya. Kafin kwana biyu an ce ina da mesa a cikin akwati, ina koya wa yara yarenta, har wata tsohuwa ta ce ta ji tana huci. Baba Tanimu ya same ni a bakin sito.

"Malam, ni ban yarda da zancen maciji ba, na ga ko akuya ba za ka iya riƙewa ba. Amma mutane suna magana, kuma ni ban san me kuke yi a ɗakin nan ba. Ga mai gawayi yana ta bina in ba shi wurin. Ran Asabar zan zo da dattawa. Ka nuna mana. In abin kirki ne, ku ci gaba. In wasan kyanwa ne, gawayi ya shigo."

Ba ni da wani ɗakin. In gawayi ya shigo, aji ya tashi, yaran su koma zaman bakin titi.

Ran Asabar da hantsi dattawa suka zo, siton ba zai ɗauke su ba, sai muka fito da tebur ƙarƙashin mangwaro. Na juya shi yadda rana ba za ta haske allon ba, aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya zauna yana kallon kudu. Na yi jawabi mai tsawo a kan cewa mesa suna ne kawai. Na ga ba wanda ya gamsu, sai na kira Hansatu ta nuna gonar da suka gina ita da Bulus.

"Yanzu kyanwa za ta yi gabas, ta ja kunya ta farko," in ji ta. Ta danna. Kyanwa ta kama hanya zuwa hannun dama, tana jan koren layi a bayanta, gwanin kyau.

"Dakata, amarya," in ji Baba. Haka yake kiran jikar tasa in yana neman tsokana, amma yau ba tsokana a muryarsa. "Ina kika ce za ta?"

"Gabas."

"Ga rana can." Ya nuna hagu da sandarsa. "Ita kuma ga inda ta nufa."

Wani dattijo ya ce da salla za ta yi, da ta ba alƙibla baya. Aka yi 'yar dariya. Na yi tsalle na shiga bayanin taswira, cewa a takarda gabas kullum dama take. Gumi yana bin bayana kamar an kunna famfo.

"Malam," in ji Baba, "gabas ba ta bin tebur."

Bulus ya ce a juya teburin kawai.

"Wato ku rufa mata asiri." Baba ya girgiza kai. "Ranar da muka baro gida, kalma ɗaya na faɗa wa yaran nan. Na ce ku yi gabas. Da sun yi irin ta kyanwarka, da ba su zaune a nan. Abin da za a ce masa gabas ya yi yamma da ƙarfin gwiwarsa, shi zan bar su su yini da shi?"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Baba ya fara laluben takalminsa. Ni kuma duk barkwancina ya gudu ya bar ni, sai Oga Iliya da kwanon garinsa suka faɗo mini.

"Baba, gaskiyarka. Ba ta san gabas ba. Ba ta san komai ba, ko sunanta. Abin da aka gaya mata kawai take yi, ni kuma na gaya mata ba daidai ba."

"To in ba ta sani ba, me ya hana ta tambaya?"

Na juya wurin yaran. "Kun ji aikin da aka ba ku."

Samari, ku saurara nan, don wannan ne wurin da ya fi wuya a sana'ar. Na san yadda za a gyara. Yatsuna har ƙaiƙayi suke yi. Amma na zauna a kan hannuwana, da dukan nauyina, wanda kun san ba kaɗan ba ne. In na taɓa ɓeran nan, dattawa za su ga malami ya iya, ba yara ba.

Hansatu da Bulus suka haɗa kai a gaban allo suna gardama. Mako guda kafin ranar na koya musu tubalin sharaɗi, mai cewa idan kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza.

"Jawo na idan."

"Na jawo. Kai matsa mini, kana numfashi a kunnena."

"Idan Baba ya danna madannin nan mai kibiyar hagu, gabas ta koma hagu."

Suka gwada a tsakaninsu. Kyanwa ta ja layi ɗaya, ta matsa ta ɓangaren da ba shi ba, ta fice daga gonar.

"Kin gani? Kin juya gabas kin bar arewa. Tare suke tafiya."

"To da ka faɗa mana, sarkin sani."

Da mesa ce a gabansu, da har yau muna ƙarƙashin mangwaron nan muna neman ɗigo biyu, gawayi kuma ya daɗe da shiga. Amma tubali ne, ana gani, ana cirewa, ana mayarwa. Baba yana riƙe da takalmi ɗaya a hannu, bai sa ba, bai ajiye ba.

Hansatu ta ɗauki laftof ɗin ta kai gabansa ta durƙusa. Wani ɗan farin kumfa ya fito daga bakin kyanwa da rubutu a ciki.

"Me ta ce?" in ji Baba.

Bulus ya karanta, yana danne dariya. "Ta ce, Tsoho, ina gabas?"

"Tsoho? Ke kika koya mata rashin kunya."

"Tambayarka take yi, ango. In kai ma ba ka sani ba, sai mu kira wani."

Ta nuna masa kibiyoyin. Ya ɗora yatsan da ya yi shekaru yana riƙe garma a kan ta hagu, ya danna kamar zai huda ta. Na ji kukan laftof ɗin a cikin haƙorina. Kyanwa ta juya, ta nufi wajen rana. Ta kai ƙarshe, ta matsa, ta dawo, ta sake, kore bayan kore, har allon ya cika da kunyoyi.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye takalmin.

"Kunyoyin sun matsu da yawa. Masara ba za ta sha iska ba. A buɗa su."

Bulus ya canza lamba ɗaya, suka buɗe.

"Yauwa." Ya waiwayi dattijon da ke gefensa. "In ka ga mai gawayi, ka ce ya nemi wani wuri."

Sabis ya dawo daga baya. Masara ma ta dawo, kaɗan-kaɗan, amma Baba a zaure yake jibge ta, mu muna siton. Hansatu da Bulus sun daɗe da komawa wurin mesa, kuma ba ta haɗiye kowa ba. Yanzu da wanne nake farawa? Sai na ga yaron. Wani mesa ce daidai da shi tun ranar farko, wani sai ya shekara da kyanwa, wani ma sai mun ɓarnatar da gari tukuna. Abu ɗaya ne ba ya canzawa: duk manhajar da ta fito daga ɗakin nan, in akwai tafiya a cikinta, da tambayar nan take farawa.

Kuma ku shirya, don Baba Tanimu yana zuwa duk Asabar. Yakan sa a juya masa teburin ta wata fuskar, wai ko zai kama kyanwa tana barci. In ya ga baƙon malami, shi ma sai ya gwada shi. Na bara, wani dogon saurayi mai gilashi da ya iya yare bakwai na kwamfuta, Baba ya ce masa ina gabas. Ya gyara wuyan riga, ya miƙa hannu da ƙarfin gwiwa, ya nuna banɗaki.

Baba ya dube ni ya ce, "Malam, a haɗa shi da kyanwa. Ita ta iya tambaya."